Ƙurji ne ko Ƙari ne? Yadda Hoton Likita Yake Rarrabe Ciwon Cikin Ƙwaƙwalwa

Darasinmu na wannan karo ya shafi ciwon da yake ɓoye a cikin ƙoƙon kai, inda ido ba ya gani, hannu kuma ba ya taɓawa.

Kowane makiyayi ya san tunkiyar nan da take barin garke, ta karkata kai, ta dinga kewaya wuri ɗaya har ta faɗi. In aka yanka ta, mahauci ya fasa kan, sau da yawa yakan tarar da wata ƴar jaka cike da ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. Tsutsa ce take yin wannan jaka. Ƙwanta yana fitowa ne cikin kashin kare, tunkiya ta haɗiye shi tare da ciyawa. Ita tunkiya ana iya fasa kanta a duba. Mutum kuwa sai an nemi dabarar leƙa cikin kansa ba tare da an fasa ba. Wannan dabara ita ce hoton likita.

Mutum biyu, alama ɗaya

Mu ɗauki misali. A ce an kawo mutum biyu gidan likita ran kasuwa. Na farko saurayi ne mai noman rake a fadama, shekararsa 25. Na biyu dattijo ne ɗan kasuwa, shekararsa 60. Kowannensu ya yi sati uku yana fama da ciwon kai wanda ya fi tsanani da asuba. Kowannensu yana amai. Hannun dama na kowannensu ya yi sanyi, ba ya riƙe hauya ko buta. Kowannensu ya taɓa faɗuwa yana jijjiga sau ɗaya, alhali babu mai farfaɗiya a cikinsu tun ƙuruciya.

A gida za a ce ciwonsu ɗaya ne. Wasu za su ce iska ce ta taɓa su, wasu su ce sammu ne. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Yana yiwuwa ɗaya ƙurji ne ya fito masa a ƙwaƙwalwa, ɗayan kuwa ƙari ne.

Dalilin da ya sa alamunsu suka zo ɗaya shi ne, ƙoƙon kan babban mutum ba ya buɗewa. Kamar tukunyar ƙasa yake wadda aka cika taf aka rufe. Duk abin da ya tsiro a ciki, ko mugunya ce ko tsoka, sai ya matse ƙwaƙwalwa. Matsin nan shi yake kawo ciwon kai da amai da dishi-dishin gani. Wurin da abin ya danne kuma shi yake nuna gaɓar da za ta mutu. In ya danne ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, sai hannu da ƙafar dama su shanye, sau da yawa har magana ta sarƙe.

Kalmomi huɗu da ya kamata mu riƙe

Ƙurjin ƙwaƙwalwa: mugunya ce take taruwa wuri ɗaya, jiki ya yi mata bango ya kewaye ta, kamar maruru. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi.

Ƙari: tsoka ce take tsirowa inda bai kamata ba, tana girma. Wani ƙarin yana girma a hankali, ba ya yaɗuwa, in an cire shi an huta.

Sankara: ita ce mugun ƙari, wanda ake kira ciwon daji ko kansa. Tana cin naman da ke kusa da ita. Wata a ƙwaƙwalwa take farawa, wata kuwa daga huhu ko nono take tasowa, jini ya kai ta can.

Sanƙarau: ciwon ƴar fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ne, mai zuwa da zazzaɓi da sandarewar wuya.

Masu koyon karatu su lura da rubutu: sankara da k ake rubuta ta, sanƙarau kuwa da ƙ mai lanƙwasa. Bambancin rubutun kaɗan ne, amma cututtukan sun yi nisa da juna.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a wurinmu. Ya yi ɓarna mai yawa a Nijar a 1995, da arewacin Najeriya a 1996. Daga 2010 aka fara allurar rigakafin MenAfriVac, wadda ta karya lagon nau'in A. A 2015 nau'in C ya ɓarke, ya fi tsanani a Yamai da jahar Dosso, ya kama mutum fiye da 8,000, ya kashe fiye da 500. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara aiki da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i 5. Shi sanƙarau ba a jiran hoto kafin a yi maganinsa. Alamunsa da ruwan da ake ɗiba a gadon baya su suke nuna shi. Haka nan zazzaɓin sauro mai hawa kai, gwajin jini yake nuna shi. Inda ake matuƙar bukatar hoto shi ne inda ake zaton wani dunƙule ya zauna a cikin ƙwaƙwalwa.

Ta ina ƙwayar cuta take shiga ƙwaƙwalwa?

Hanya ta farko ita ce kunne. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya, wata da watanni ko shekaru, ciwon yana iya cin ƙashin da ke bayansa ya ratsa ciki. Haka ciwon kogon hanci da goshi, da ruɓaɓɓen haƙori, da raunin da ya fasa ƙoƙon kai, kamar na faɗuwa daga babur ko sara.

Hanya ta biyu ita ce tarin fuka. Ƙwayarsa ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Jini yana iya kai ta ƙwaƙwalwa, ta yi wani dunƙule mai tauri wanda yake kama da ƙari ƙwarai. A ƙasashen da tarin fuka yake da yawa, irin namu, likita ba ya mantawa da wannan.

Hanya ta uku ta shafi mai ciwon sida wanda ƙarfin jikinsa ya faɗi. Akwai wata ƙwayar cuta da ake samu daga kashin kyanwa da naman da bai dahu ba. Mutane da yawa suna ɗauke da ita tana kwance ba ta yi musu kome. In garkuwar jiki ta karye sai ta farka, ta yi ƙuraje a ƙwaƙwalwa. Likitoci suna ce da wannan ciwo tokso.

Hanya ta huɗu ita ce ƙwan tsilar alade. Kada wani ya ce tunda ba ya cin alade ya tsira. Mai ɗauke da tsilar a cikinsa yana zubar da ƙwanta a bayan gida. In bai wanke hannu ba ya taɓa abinci, ko ƙazantar ta shiga ruwa da ganye, wanda ya ci zai haɗiyi ƙwan. A 1992 likitoci sun ba da labarin wasu iyalan Yahudawa a birnin New York na Amurka, waɗanda addininsu ya hana su cin alade, amma aka sami tsutsar a ƙwaƙwalwarsu ta wannan hanya. Fatake da ƴan cin rani masu zuwa ƙasashen kudu inda ake kiwon alade su kula da inda suke cin abinci.

Na'urorin ɗaukar hoto

Ta farko ita ce radiyo, wadda wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano haskenta a 1895. Ita ce ake ɗaukar hoton ƙirji da karaya da ita. Tana nuna ƙashin kai, amma ba ta nuna ƙwaƙwalwa. Wanda ya ɗauki radiyon kai aka ce ba a ga kome ba, kada ya ɗauka an wanke shi.

Ta biyu ita ce sikaner. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera ta. An fara ɗaukar mutum da ita a Landan a 1971, wata mata ce da ake zaton tana da ƙari a ƙwaƙwalwa. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack. Hasken radiyo take aiki da shi, amma tana kewaya kai tana ɗauka ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa. Sai a ga ƙwaƙwalwa yanki-yanki, kamar yadda mace take yanka rogo fale-fale ta ga inda ya ruɓe. Aikinta ƴan mintoci ne.

Ta uku ita ce wadda ake kira IRM a Nijar, a Najeriya kuwa MRI. Da babban maganaɗisu take aiki, ba da hasken radiyo ba. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda ita. Ta fi sikaner nuna naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla, amma ta fi tsada, ta fi wuyar samu, kuma mutum yakan kwanta cikinta kamar rabin awa ba motsi, tana ƙara.

Jariri da maɗigarsa ba ta rufe ba, ana iya leƙa ƙwaƙwalwarsa ta nan da na'urar eko, irin wadda ake duba mata masu ciki da ita.

Mi likita yake dubawa a cikin hoton?

Kafin a ɗauki hoto na biyu, akan yi wa mutum allurar wani ruwa a jijiya. Ruwan nan yana bin jini, ya taru inda ciwo ya ɓata jijiyoyi, wurin ya yi haske. Ƙurji da mugun ƙari duka biyu sukan fito kamar zobe: baki mai haske, tsakiya mai duhu. A nan ne aikin rarrabewa yake farawa. Ga abubuwan da likita yake aunawa.

1. Bangon zoben. Na ƙurji yakan zama siriri, sumul, kamar bakin ƙwarya da aka fafe da kyau. Na mugun ƙari yakan zama mai kauri, wani wuri tudu wani wuri kwari, kamar katangar da ruwan sama ya zaizaye. Ƙurji yana ɗaukar kamar sati biyu kafin bangonsa ya kammala, saboda haka hoton kwanakin farko yana iya nuna kumburi kawai.

2. Abin da ke tsakiya. Wannan shi ne babban gwaji, kuma IRM ce take yin sa. Tana iya auna yadda ruwa yake motsi a cikin nama. Mugunya tana da kauri kamar kunun da ya kwana, ruwan cikinta ba ya sakewa, sai ta fito fari tas a irin wannan hoto. Tsakiyar mugun ƙari kuwa mataccen nama ne da ya narke ya zama tsararo, ruwansa yana yawo, sai ya fito da duhu. A 1996 wasu likitocin Japan suka nuna amfanin wannan gwaji wajen raba ƙurji da ƙari, yanzu kuwa ko'ina ana aiki da shi.

3. Yawan jini. Mugun ƙari yana tsiro da sababbin jijiyoyi domin ya ci ya girma, saboda haka jini yana da yawa a bangonsa. Bangon ƙurji bai kai shi jini ba.

4. Yawansu da wurin zamansu. Ƙurjin da kunne ya kawo yakan zauna kusa da kunnen nan mai ciwo, sau da yawa hoton yana nuna ƙashin da ya ruɓe. Na tokso sukan fito da yawa, can cikin zurfin ƙwaƙwalwa. Sankarar da ta taso daga huhu ko nono takan warwatsu wuri-wuri kusa da saman ƙwaƙwalwa. Jakar tsila ƙarama ce, ba ta cika wuce santimita 2 ba, wani lokaci har ana ganin kan tsutsar a ciki kamar ɗigo, in ta mutu kuma ta bar tabo mai tauri kamar tsakuwa. Akwai kuma ƙarin da yake manne da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda yake yin haske gaba ɗaya ba zobe. Ya fi kama mata, yawancinsa ba sankara ba ne, kuma fiɗa tana iya raba mutum da shi.

5. Sinadaran ciki. A manyan asibitoci IRM tana iya nuna irin sinadaran da ke cikin dunƙulen. Ƙwayoyin cuta suna barin nasu, ƙari mai girma yana barin nasa, dunƙulen tarin fuka kuma yana da maiƙo da yawa.

In hoto bai raba gardama ba

Hoto shaida ne babba, amma likita ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Yana haɗa shi da labarin mara lafiya, da gwajin jini, da gwajin sida, da hoton ƙirji, da gwajin majina. Zazzaɓi kaɗai ba ya isa, domin kusan rabin masu ƙurjin ƙwaƙwalwa ba su da zazzaɓi lokacin da aka kawo su.

Wani lokaci magani ne yake zama gwaji. Mai sida da aka ga zobba a hotonsa, akan fara ba shi maganin tokso. In shi ne, cikin kwana 10 zuwa 14 akan ga sauƙi, sabon hoto kuma ya nuna zobban sun ƙanƙance. In ba su motsa ba, sai a yi zaton wata irin sankara da take kama masu sida. In duk an yi wannan ba a gane ba, likitan fiɗa yana huda ƙaramin rami a ƙoƙon kai, ya ɗebo kaɗan daga abin, a duba shi a madubin likita. Wannan shi ne gani ya kori ji.

Mu koma ga mutanenmu biyu. Da aka tambayi saurayin, sai mahaifiyarsa ta ce kunnensa na hagu yana zubar da ruwa tun yana yaro. Hoto ya nuna zobe guda, siriri sumul, daf da kunnen. Ƙurji ne. In ya wuce kamar santimita biyu da rabi, za a zuƙe mugunyar, sa'an nan a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta sati 6 zuwa 8, a kuma gyara kunnen. Yana iya komawa fadamarsa. Dattijon kuwa ya rame, ya daɗe yana tari, hotonsa ya nuna dunƙule uku. Sai an ɗauki ƙirjinsa an gwada majinarsa. In tarin fuka ne, zai sha magani wata 9 zuwa 12, kuma maganin kyauta ne. In sankarar huhu ce ta hau, hanyarsa dabam ce: magani mai rage kumburi, da gashi da haske, da sauran abin da likitocin sankara suka gani.

Ku duba abin da kuskure zai jawo. In aka ɗauki ƙurjin saurayin nan a matsayin sankara, aka ce a koma gida a yi haƙuri, zai rasa ransa a kan ciwon da yake da magani. In aka ɗauki ƙari a matsayin ƙurji, za a ɓata watanni da dukiya ana allurar da ba ta taɓa shi.

Ina ake zuwa?

Ana farawa daga gidan likita mafi kusa. Ma'aikacin lafiya shi zai rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibitin jaha a Dosso, in ta kama har Yamai. Daga Gaya zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 300. A can akwai Babban Asibitin Ƙasa mai sashen fiɗar ƙwaƙwalwa, da babban asibitin da aka ƙaddamar a 2016, da cibiyar yaƙi da sankara wadda ta fara gashi da haske a 2021. A tsallaken iyaka kuma, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa.

Mai tafiya ya riƙe takardar turawa, da duk hotuna da takardun gwajin da aka taɓa yi masa, da kwalayen magungunan da ya sha. A tafi da wanda ya san farkon ciwon. Mace mai ciki ta faɗa tun kafin a ɗauka. Mai ciwon ƙoda shi ma ya faɗa, saboda allurar hoton. Kafin shiga IRM a cire zobe, ƴan kunne, guru, laya mai ƙarfe, kuɗin ƙarfe da salula. Maƙeri ko mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da wanda harsashi ko wani ƙarfe yake jikinsa, lalle su gaya wa likita.

Abin da ya kamata mu kiyaye

A kai mutum likita ba jinkiri in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon kai sabo mai ƙaruwa kullum, musamman mai zuwa da amai da safe, jijjiga ta farko ga babban mutum, hannu ko ƙafa ko gefen fuska ya mutu, magana ta sarƙe ko gani ya ragu, hali ya sake ko barci ya yi yawa, ciwon kai ga mai kunne mai ruwa, ko mai tarin fuka, ko mai sida.

Kada a sayi ƙwayoyi a hannun masu talla a kasuwa. Akwai ƙwayar da ake kira deksa, wadda wasu mata suke sha domin ƙiba. Tana rage kumburin ƙwaƙwalwa, mutum ya ji sauƙi kwana kaɗan, a ce ya warke, alhali ciwon yana nan yana ci. Tana ba tarin fuka ƙarfi in an sha ta ba tare da maganinsa ba, tana kuma iya ɓoye wata sankarar har hoto da gwaji su kasa kama ta. Likita kaɗai ya san lokacin ba da ita. Ƙaho da tsaga da sakiya ba sa kaiwa inda ciwon yake. A yi addu'a, a kuma kama hanya.

Rigakafi ya fi magani. A kai yaro likita tun ranar da kunnensa ya fara ruwa. A cire ruɓaɓɓen haƙori a asibiti. Mai tarin fuka ya shanye maganinsa har ƙarshe. Mai sida ya riƙe maganinsa kullum. A dafa nama ya dahu, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga salga da kuma kafin cin abinci. Mai babur ya sa hular kwano. Makiyaya kuma kada su jefa wa karnuka kan tunkiyar da ta yi ciwon kewaya, a ƙone shi ko a binne shi da zurfi, domin ta nan tsutsar take komawa garke.

Tun da kuɗin mota da na hoto suna da nauyi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, yana da kyau ƙungiyoyin manoma da na mata su ware wani abu cikin asusunsu bayan girbi saboda irin wannan larura.

Tambayoyi domin tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Mi ne ne bambancin ƙurji da ƙari? Mi ne ne bambancin sankara da sanƙarau?
2. Domin mi ƙurji da ƙari suke kawo alamu iri ɗaya?
3. Ku faɗi hanyoyi huɗu da ƙwayar cuta take bi ta shiga ƙwaƙwalwa.
4. Domin mi hoton radiyo bai isa a duba ƙwaƙwalwa da shi ba?
5. Wace illa ke cikin shan ƙwayar deksa ba da umurnin likita ba?
6. A garinku, in ciwo irin wannan ya sami mutum da dare, wa zai kai shi likita, kuma da wane kuɗi?

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.